Kawu Furofesa Ba Ya Zubar da Komai

Mama mace ce da idan ta tashi da safe ba ta da abin damuwa, to rashin damuwar ne zai zama damuwarta. Sai ta zauna bakin gado tana laluben abin da ta manta. To balle wannan makon, da Auta, 'yarta ta ƙarshe, ke cika wata uku na gwaji a asibitin ido. An ce ranar Litinin shugaban asibitin zai sauko da kansa ya ga aikinta. In ya gamsu, a ba ta takardar zama ma'aikaciya. In bai gamsu ba, ta ɗauki kofin shayinta ta dawo gida. Shekara biyu Auta ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu wannan gurbin, kuma Mama ba ta manta ko takalmi ɗaya da ya tsinke a yawon ba.

Aikin kuwa manhajar layin marasa lafiya ce. Mutum ya shigo, a ɗauki hotonsa, a ba shi lamba, ya zauna. In lokacinsa ya yi, babban allo ya nuna fuskarsa, lasifika ta kira lambarsa ta faɗa masa ɗakin da zai shiga.

Ranar Asabar Mama ta matsa sai an yi mata bayani. Auta ta juyo mata da kwamfutar.

"Mama, kwamfutar asibitin tsohuwa ce. Ƙwaƙwalwarta kamar falon nan take, kujerunta ƙidayayyu ne. Duk wanda ya shigo, manhajar za ta ƙirƙiro masa kati a ciki, da hotonsa da lambarsa, ta ba katin kujera. Duk sanda allo ya motsa kuma sai ta yi sabbin kwafi. Wanda aka gama da shi dole a tashe shi, a mayar da kujerar. Kin ga wannan layin rubutun? Shi ne mai tashinsu."

"To in ta tashi wanda ba a gama da shi ba fa?"

"Shi ya sa na yi wata biyu a kansa."

"In kuma ta manta ba ta tashi kowa ba?"

"Na'ura ce, Mama, ba Baba ba."

Mama ta yi dariya, amma ba ta haƙura ba. Sai da ta sa Auta ta kwafe aikin a 'yar filashi ta maƙala a jikin makullinta, wai ko gobara, ko ɓarawo, ko wani ya zubar da ruwa. Auta ta yi, don a zauna lafiya.

Ranar Lahadi da la'asar Auta ta tafi wajen tela karɓo kayan da za ta sa. Kwamfutar na kan tebur. Mama ta wuce ta sau uku tana kallonta, a na huɗu ta ɗauki waya ta kira yayanta.

Shi wannan yaya nata shi ake kira Furofesa. Ba wata jami'a ce ta ba shi ba, shi ya rubuta da fenti a allon shagonsa, inda yake gyaran rimot da tocila. Shekara ashirin da suka wuce ya yi kwas ɗin kwamfuta na mako shida, takardar na rataye a bango kusa da agogon da ya tsaya tun a lokacin. Kuma bawan Allahn nan tunda aka haife shi bai taɓa zubar da komai ba. Mataccen batir yana da ganga guda. Fankoki marasa fiffike sun kai rufi. Matarsa ta ce a kaikaice take shiga ɗakin kwana.

Mama cewa kawai ta yi ya zo ya duba da ido. Ya iso da tabarau uku, ɗaya a hanci, ɗaya a goshi, ɗaya a wuya.

"Ƙanwata, da tun farko kun kira ni ai da an wuce wurin nan. Ni kwamfuta warinta kawai nake ji in san ciwonta. Mene ne lambar buɗewa?"

Lambar wayar Mama ce, don ita ta taɓa yin kuka ta ce in wani abu ya faru wa zai buɗe. Ta faɗa masa tana waige-waige kamar mai sata a gidanta.

Ana cikin haka maƙwabciya ta shigo aron dutsen guga. Ta ga Furofesa ya duƙufa.

"Furofesa, rimot ɗina fa? Wata huɗu ke nan."

"Yana ƙarƙashin bincike."

"Mun riga mun sayar da talabijin ɗin."

"To kin ga ba gaggawa ke nan."

Can sai ya buga tebur, har tabarau na goshi ya faɗo kan na hanci.

"Innalillahi! Zo ki gani. Kin san me wannan layin yake yi? Sharewa! 'Yarki zubar da mutane take yi. Mutum ya taso da ciwon ido, ya hau mota biyu, ki ɗauki hotonsa, sannan ki jefa shi a bola?"

"Yaya, ta ce shi ne mai tashinsu daga kujera."

"Wa ke tashin baƙo daga kujera? Haka aka rene mu?"

Mama ta ja da baya, don gaskiya ba haka aka rene su ba.

Ya bi layin nan duk inda ya gan shi yana gogewa, yana ƙirgawa da ƙarfi. Wuri goma sha ɗaya. Ya jingina da kujera ya naɗe hannu.

"Na rage mata kaya. Gobe tashi za ta yi sama. Kada ki faɗa wa yarinyar, sai ta ji kunya. A gaban shugabanta za ta gane tana da kawu."

Maƙwabciya ta rungumi dutsen gugar da ta ara ta ce, "Ni dai ban ga komai ba, kuma ba na nan."

Auta ta dawo, ta rufe kwamfutar ta sa a jaka, don tun jiya ta gama gwada komai. Sau biyu Mama ta buɗe baki, sau biyu abin da ya fito shi ne, "Kin ci abinci?"

Litinin ƙarfe takwas Mama na asibitin. Ta ce wa nas mai karɓar baƙi idonta na ƙaiƙayi, alhali lafiyarsa lau. Aka ɗauki hotonta, aka ba ta lamba ashirin da uku. Ta zauna tsakanin wani tsohon direba da aka liƙe wa ido ɗaya da auduga, da wata malamar makaranta mai jaka cike da littattafan yara. Gabansu wani ƙaton mahauci ne da ya ce sauri yake yi. Auta ta ɗora manhajar a kwamfutar asibitin, ta bar tata a ƙarƙashin teburin nas, ta hararo Mama da wasa, ta hau sama wajen shugaba da takardu. Sai sha ɗaya za su sauko.

Abu ya fara kamar a mafarki. Fuska ta fito tar a allo, lasifika ta ce, "Lamba ɗaya, ɗaki na biyu." Mama ta gyara zama ta yi hamdala.

Ƙarfe tara sai ga Furofesa cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita. Ya sa aka ɗauki hotonsa har sau uku, wai na farko bai fito da shi ba. Ya tsaya ƙarƙashin allon ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kun ga wannan? Yarinyar 'yar ƙanwata ce, ta yi iya ƙoƙarinta. Amma jiya na zauna na warware shi na sake ɗinkewa, daga kai har ƙafa. Duk abin da za ku gani yau, hannuna ne."

Tsohon direba ya ce, "Malam, mu da muka zo asibitin ido, me za mu gani?"

Aka yi dariya. Furofesa ya ɗauka yabo ne, ya sake maimaitawa ga waɗanda suka shigo daga baya. Hannunsa ne, daga kai har ƙafa.

Wajen ƙarfe goma lasifika ta fara jan magana kamar wadda aka tasa daga barci. "Lam... ba... sha..." Sai shiru. Hoton da ke fitowa nan take ya koma saukowa a hankali daga sama, ya kawo gira, ya tsaya.

"Goshin wa ye wannan?" in ji nas.

"Nawa ne," in ji mahauci, ya miƙe.

"Zauna, ɗana," in ji direba. "Naka ya fi wannan fili."

Kwamfutar asibitin ta fara gurnani. Nas ta taɓa ta, ta janye hannu.

"Malam, ka ce hannunka ne. Me ya same ta?"

"Tunani take yi. Babbar manhaja ba ta gaggawa."

Ya ɗauki fayil ɗin wani yana yi mata fifita. Goshin nan na nan a allo. Mutane huɗu suka tafi madubin bakin ƙofa suna gwada nasu. Layi ya kai waje, mai gadi ya fara shigo da benci. Mama ta dubi agogo, goma da kwata. Ta lallaɓa ta ja hannun kwat ɗinsa.

"Yaya, ina jin kujerun ne suka cika. Ba wanda ya tashi tun safe."

Ya dube ta ta tabarau biyu.

"Na sani. Gwada ki nake yi."

Ya janyo kwamfutar Auta daga ƙarƙashin tebur. Nas ta ce ba a taɓawa. Ya ce shi ya koya wa mai ita riƙe cokali, balle kwamfuta. Ya juyo ga Mama, don ya manta lambar buɗewa. Mama ta san bai kamata ba. Amma ta sake duban agogo, ta dubi goshin, ta raɗa masa.

"Sharewa take so, ko? To yau za ta ga sharewa."

Ya rubuta cewa duk minti ɗaya a tashi kowane kati daga kujerarsa, wanda aka gama da shi da wanda ba a gama ba. Sannan ya kwafa layin ya sake liƙawa a ƙasa.

"Me ya sa sau biyu?" in ji malamar makaranta, da ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Don a tabbata. Ke in kin share aji sau ɗaya yana fita?"

Ya tura gyaran cikin kwamfutar asibitin, ya kashe ya kunna. Gurnani ya tsaya. Fuska ta fito fes, lasifika ta ce da ƙarfinta, "Lamba sha shida, ɗaki na ɗaya!" Wasu har da tafi. Furofesa ya rusuna hagu, ya rusuna dama.

Minti ɗaya ya cika.

Abin da Furofesa bai sani ba, jerin masu jira yana nan yana nuna kujerun da aka tashi masu su, kuma sababbin shigowa ana ta zaunar da katunansu a kan waɗannan kujerun. Lasifika ta kira lamba sha tara, mutum uku suka miƙe. Allo ya nuna fuska guda: daga sama ɗankwalin malamar makaranta, daga ƙasa gemun mahauci.

"A'uzubillahi," in ji malama. "Ku cire ni daga nan!"

"Ni ma ban yarda ba," in ji mahauci. "Ina da iyali."

Lasifika ba ta saurare su ba. "Lamba miliyan huɗu da dubu ɗari biyu da casa'in da huɗu, ɗaki na biyu!"

Direba ya dubi 'yar takardarsa da ido ɗayan da ya rage. "Ashe layin da tsawo. Ni ashirin da biyu ne, kuma tun takwas nake nan. Wannan bawan Allah yaushe ya zo?"

"Lamba ashirin da uku, ɗaki na uku!"

Mama ta tashi, don ita ba ta iya ƙin kiran hukuma. A ɗaki na uku wata ma'aikaciya ta duba allonta, ta ga an rubuta a ɗiga magani mai buɗe ƙwayar ido. Umarnin na wani tsoho ne da katinsa ya zauna a kujerar katin Mama. Mama na cewa "ƙaiƙayin ma ya daina," aka ɗiga mata a ido biyu. Ta fito tana laluben bango, duniya ta zama hazo da haske. Ba ta kai ga zama ba aka sake kiran ashirin da uku, ɗaki na ɗaya. Ta juya. Direba ya riƙe gefen mayafinta.

"Baiwar Allah, zauna. In kika bi ta wannan abin, yau har tiyata sai an yi miki."

Ƙofar ɗaki na biyu ta buɗe, likita ya fito da fitilarsa a goshi.

"Wa ke turo min wannan mahaucin? Sau uku ke nan! Idonsa ya fi nawa lafiya!"

"Likita, kira na ake yi. Ni ma nama na bari a rana."

Furofesa na danna madannai da yatsa biyu, gumi na bin wuyan kwat. "Ku kwantar da hankali, tana sabawa ne."

A daidai nan aka ji takun takalma a matakala. Mama ba ta ganin fuskoki, amma ta gane tafiyar 'yarta, da wani dogon farin abu a gefenta. Allo ya ƙyafta, sai ga fuskar Furofesa ta cika shi, guda goma sha biyu a jere, kowace da tabarau uku. Lasifika ta ce, "Lamba... lamba... lamba..." Sannan komai ya yi baƙi.

Shugaba ya daɗe yana kallon baƙin allon.

"Wannan ne aikin wata ukun?"

Auta ta dubi allon, ta dubi kwamfutarta a buɗe a kan tebur.

Daga can wajen ƙofa, inda ya riga ya kai da baya-baya, muryar Furofesa ta taso. "Ranka ya daɗe, a yi mata haƙuri. Yaran yanzu ne, gaggawa. Na sha faɗa mata."

Shekara hamsin da biyu Mama ba ta taɓa katse yayanta ba. Ta miƙe, ta fuskanci dogon farin abin, ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Ni uwarta ce. Ni na buɗe masa kwamfutar jiya ba da saninta ba, yau ma ni na buɗe. Yarinyar nan ta ce min akwai mai tashin mutane daga kujera, shi ya cire shi, wuri goma sha ɗaya, a kan idona. In kora ce, ni za a kora."

"Baiwar Allah," in ji direba a hankali, "juyo dama. Wannan na'urar ruwan sha ce."

Mama ta juyo dama ta maimaita, ba ta rage ko kalma ba.

"Shawara kawai na bayar," in ji Furofesa.

"Shawara?" Malamar makaranta ta miƙe kamar a gaban aji. "Ƙarfe tara ka tsaya nan ka ce ka warware shi ka sake ɗinkewa. Daga ina har ina, jama'a?"

Falon gaba ɗaya ya amsa, "Daga kai har ƙafa!"

"Hannun wa?"

"Hannunsa!"

Mahauci ya je ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta. Furofesa ya dawo ya zauna a benci.

Shugaba ya dubi Auta. "Minti nawa gyaran zai ɗauka?"

"Biyar, ranka ya daɗe."

Ta ciro makullinta, ta zare 'yar filashin nan ta ranar Asabar. Kafin mahauci ya gama ba nas labarin namansa, allo ya dawo. Nas ta sake shigar da layin daga 'yan takardun hannun mutane. Auta ta buɗe wani ɗan ma'auni a gefen allo ta nuna wa shugaba: mutum ya shigo, ya ɗan hau, mutum ya fita, ya sauko.

"Tarihin marasa lafiya yana can a ajiye daban, ba a taɓa shi," in ji ta. "Wannan wurin zama ne kawai. Kowane kati a tashe shi in an gama da shi, ba kafin nan ba, kuma sau ɗaya."

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji Furofesa daga benci.

"Yaya!" in ji Mama. Ya cire tabarau ɗaya ya hau gogewa.

Shugaba ya ja kujera ya zauna kusa da direba. Awa guda cur yana kallon ma'aunin nan yana hawa yana sauka, bai wuce inda ya saba ba. Aka kira ashirin da biyu, direba ya tashi shi kaɗai, ya ɗaga wa allon hannu. Sha biyu da rabi shugaba ya karɓi takardar zama ma'aikaciya daga hannun Auta, ya ɗora ta a kan gwiwarsa ya sa hannu.

"Sharaɗi ɗaya. Ki canza lambar buɗewa kafin in kai ƙarshen matakalar nan."

A bakin ƙofar fita Mama na riƙe da hannun 'yarta, idanunta na zubar da ruwa, rabi magani rabi ba magani ba. Ta ji ƙarar leda a bayansu.

"Me yake yi?"

"Kawu ne. Yana kwashe 'yan takardun lamba daga kwandon shara."

"Za su yi amfani," in ji Furofesa, ya wuce su da ledar a hammata. "Kuma ki gode min. Ba don ni ba, da shugabanki bai san kin iya gyara ba."

Suka tsaya har takunsa ya ɓace. Mama ta matse hannun Auta.

"To ita sabuwar lambar, in wani abu ya faru, wa zai buɗe?"

Auta ta juyo ta dube ta. Ko a cikin hazon, Mama ta ji kallon.

"A'a, bar shi," in ji ta da sauri. "Kada ki faɗa min. Kawunki ya ce jibi zai zo duba firij."